Firjin Kifin Nargis

Sau uku injin firjin Nargis, mai sayar da kifi a Karachi, yana ƙonewa. Ta kira Ustad Riyaz, wani mai gyaran firji. Ya tsiyayo man injin a kofi, ya sansana. Baƙi ƙirin ne, sai ƙauri.

"Yaya, dattin ƙonewar farko ne ya maƙale a bututu," in ji shi. "Shi ke cinye kowane sabon inji."

"Su waɗancan masu gyaran ba su da hanci ne?"

"Sauri suke yi."

Kwana biyu yana wanke bututun, yana sauya matata, har man ya fito garau. Da sanyi ya kankama, Nargis ta zura kai cikin firjin, ta fito tana dariya, ta yi odar kifin gobe.