Gasket ɗin Gwangwani

Kwana uku Baba ya yi a asibiti da robar iska a hanci, kwana ukun nan kuma Auta ba ta daina cizon yatsa ba. Ita ta ɗauko shi a tsohuwar motarta ranar da aka yi ruwa, gilasai a rufe, har ya sulale a kujera. Likita ya ce hayaƙin mota ya shaƙa.

Wanda ya gyara motar kuwa mijin yayarta ne, bakaniken da ya laƙaba wa kansa Injiniya. Shi ya rantse mata ya sa sabon gasket, abin da ke hana hayaƙi yoyo, a inda bututun salansa ya haɗu da injin.

Auta ba ta yi masa waya ba. Layin masu kayan gyara ta bi shago shago, har ta dace da wani tsoho da ya zaro mata irin gasket ɗin daga ƙasan kantar shagonsa. Tsohon ya cusa tsumma a bututun baya, ya shafa kumfar sabulu a bakin injin, ya ce ta tayar. Kumfa ta hau tsalle kamar tukunya ta tafasa.

"'Yata, leƙa nan," in ji shi. "Gwangwanin madara aka yanka aka liƙe da gam."

Ya ce bari ya canza. Ta ce a'a, a bar shi yadda yake tukuna. Zuciyarta tafarfasa take yi, kuma ba ta son ta huce.

Ta jira safiyar Asabar, lokacin da garejin Injiniya ke cike. Ta same shi yana cika baki gaban masu motoci, sifana a aljihu, tumbi a gaba.

"Auta! Ya jikin Baba?"

"Da sauƙi, Yaya. Aikin da ka yi min, mai kyau ne?"

"Haba! Ni fa? Sabo fil na sa miki."

Ta tayar da motar, ta ɗaga gilasai duka, ta fito ta riƙe masa ƙofa.

"To bismilla, shiga ka zauna. Minti goma kawai. Baba minti arba'in ya yi a ciki."

Injin ya ci gaba da tas-tas. Injiniya ya yi dariyar yaƙe, ya dubi kujerar, ya goge hannu a wando, ya sake gogewa. Ya ce ai wasa take yi. Ta ce ko kusa. Ya ƙi shiga motar, kowa kuma yana kallo.

Wani mai tasi ne ya fara miƙa hannu.

"Injiniya, ba ni makullina."

Na biyu ya bi, na uku ma. Auta ta ji wani sanyi a ranta, ba ta kuma ji kunyar jin sa ba. Ta sunkuya kusa da kunnensa.

"Gobe za a sallamo Baba. Kai za ka faɗa masa zancen gwangwanin da ka liƙa da bakinka, a gaban matarka."