Kwamfutar da Ke Kan Teburi

Ƙungiyarmu ta tsofaffin malamai tana da zauren imel, inda saƙo ɗaya ke isa ga kowa. Da 'yan talla suka cika shi, shugaba ya ce in gyara, tunda na ɗan san kwamfuta kuma ba mai jirana a gida.

Na rubuta tsarin tantancewa: a tura wa kowane mamba lamba a wayarsa, wanda bai shigar da ita ba a cire shi.

"Malam, ba za a ɗaga wa kowa ƙafa ba?" in ji shugaba.

"Ko uwata ce," na ce.

Sai wajen gwaji na tuna adireshin matata yana ciki, layin wayarta kuwa kamfani ya daɗe da ba wani. Tun rasuwarta kwamfutarta take jone a kan teburi. Duk saƙon da ya shigo sai ta yi ƙara, ni kuma in ce, "Ga surutun abokanki nan."

Umarni ɗaya zan ƙara in tsallake da ita. Girman kai ya hana.

Da safe saƙon da shugaba ya tura wa zauren ya shigo wayata, yana yabon aikina. Na kasa kunne wajen teburin, shiru.