Ma'aunin Farfesa

"Biyu ne," in ji likitan, idonsa a kan takardar da ke hannunsa. "Ba ta ɗaure goshi ba, ba ta nishi, ba ta cije leɓe. Biyu cikin goma, Mama. Ba a yin allura mai ƙarfi a kan biyu."

Mai ɗinki, maƙwabciyar majinyaciyar, ta dube shi sama da ƙasa. Da kyar idan ya girmi ɗanta na fari.

"Likita, matar nan wuta ke cin ta. Ka dubi idonta mana."

"Babu ido a cikin ma'aunin."

Shekara goma sha ɗaya katanga ce kawai tsakanin mai ɗinki da Farfesa, tsohuwar da ke kwance a gadon. Farfesa ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen binciken yadda ƙwaƙwalwa ke jin ciwo, kuma ita ta tsara wannan takarda, don a auna zafin majinyacin da ba ya magana ta hanyar karanta fuskarsa. Babu asibitin da ba ya aiki da ita. Miji ya rasu tuntuni, haihuwa babu, ɗalibai kuwa birjik, amma duk a waya suke. Yanzu ciwon daji ya ci ƙashin bayanta, shanyewar jiki ta zo ta ɗauke magana, fuskar ta sandare kamar bango.

Mai ɗinki ta tuna ranar da Farfesa ta kawo mata riga gyaran zif, ta zauna tana shan shayi.

"Ma'aunin nan nawa makaho ne ta gefe ɗaya, maƙwabciya," ta ce. "Wanda fuskarsa ta mutu, ba ya ganin ciwonsa. Na rubuta gyara. Rubutuna na farko, masana dubbai sun kafa hujja da shi. Gyaran kuwa mutum uku ne suka ambata, kuma ni ce ta ukun."

A ranar dariya suka yi har da tafawa.

Ta kwashe labarin kaf ta faɗa wa likitan. Ya sosa ƙeya, ga alama ya ji kunya.

"Mama, na san ko wace ce. Da aikinta na ci jarrabawa. Amma ma'aunin nan ne asibiti ya amince da shi, babban likita kuma yana ɗakin tiyata. In akwai gyaran a rubuce, kawo mini in nuna masa."

Ta sunkuya ta gyara wa Farfesa filo. "Yaya, ki daure, yanzu zan dawo."

Rana ta take, mota ta yi wuya. Da kyar ta isa gida. A ɗakin Farfesa takardu ne har rufi, dukkansu cikin yaren da mai ɗinki ba ta iya karantawa. Ta juya wannan, ta juya wancan. Ƙarshe ta cika kwali da duk wadda ta ga sunan Farfesa a kai, ta ɗora a ka.

Da ta dawo asibiti, an riga an ja labule.

"Sai haƙuri, Mama," in ji nas. "Amma wallahi cikin sauƙi ta tafi, ko motsi ba ta yi ba. Kamar barci."

Mai ɗinki ta sauke kwalin a ƙasa. Ta ɗaga zanen gadon don ta miƙar mata da hannuwa. Na dama ya biyo ta salin alin. Na hagu a dunƙule yake, sai da ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Farce huɗu sun nutse cikin tafin, jinin har ya bushe.

Ta jiƙa bakin mayafinta da ruwan kofi, ta shiga gogewa a hankali.