Hannun Saminu Mai Hoto

Shekara talatin da huɗu Saminu ya yi yana ɗaukar hoto a Kongolam. Shagonsa a bakin titi yake, ba nisa da shingen iyaka, kuma a da duk wanda zai ƙetara Nijar aka ce masa takardarsa na buƙatar hoto, nan ake nuno masa. Direbobin manyan motoci, dillalan awaki, mata masu saro atamfa, duk sun zauna a kan kujerarsa ta ƙarfe, jan ƙyalle a bayansu. Mutanen gari ma sun manta sunan mahaifinsa, Saminu Mai Hoto kawai suke cewa.

Waya ce ta fara cinye masa kasuwa. Biki ko suna, kowa ya ɗaga tasa, har aka daina aiko masa da goron gayyata. Daga baya tsohuwar kyamararsa ta mutu, mai gyara a Kano ya ce ba a ƙera kayanta yanzu. Amma abin da ya fi damunsa shi ne wanda bai faɗa wa kowa ba. Shekara biyu ke nan hannunsa na dama yana rawa. In ya ajiye shi a kan cinya, lafiya ƙalau. Da ya ɗaga kofin shayi zai kai baki, sai ya kama kaɗawa har shayin ya zuba masa a riga. Ya daina shan komai a gaban mutane. Matarsa Hadijatu ta gani, ta kuma san ya san ta gani, amma ba wanda ya ɗauko zancen.

'Yarsu Khairunnisa malamar makaranta ce a Funtuwa. Da ta ji kyamara ta mutu, sai ta turo masa kuɗi ta kira shi a waya.

"Baba, ka je ka sayi sabuwa. Ba na son jin kana zaune a shago haka kawai."

Ranar Laraba ya hau mota zuwa Daura, ya nufi shagon Chibuzor, mai sayar da kayan lantarki a kusa da tasha. Chibuzor tun yana saurayi yake garin, Hausarsa ta Daurawa ce, kuma shekaru da yawa a wurinsa Saminu ke sayen batir da takardar hoto. Ya ba shi kujera, ya shiga ciki ya fito da kwali biyu.

"Malam Saminu, guda biyu nake da su, kuma abin da ka zo da shi zai sayi kowacce. Wannan babbar ita suke kira miralas, wato ba madubi a cikinta irin taka ta da. Ana cire mata ido a sa wani. Ta masu koyo ce, amma tana aiki sosai. Wannan kuma 'yar ƙarama ce, ta aljihu. Ido ɗaya gare ta, ba a canzawa."

Saminu ya fara ɗaukar babbar. Baƙa ce, tana da wurin riƙo mai kauri da igiyar ratayawa a wuya. Da ya ji ta a tafin hannunsa, sai wani abu ya motsa masa a ƙirji, kamar wanda ya ga tsohon aboki a kasuwa. Ya ɗaga ta zai kai ido. Tun kafin ta isa fuskarsa ta fara karkarwa, ya ga kanti da fankoki da kan Chibuzor suna tsalle a cikin gilashin. Ya yi maza ya sauke ta a kan cinya.

Chibuzor ya kau da kai, ya yi kamar yana gyara kwali. Can ya turo ƙaramar.

"Gwada wannan ma. Ba ta da nauyi. Kuma akwai wani abu a cikinta da ke daidaita hoto ko da hannu ya ɗan motsa. In wuri da duhu, ita ke kunna fitilarta da kanta. Babbar nan da idon da ta zo da shi ba ta da wannan, sai ka riƙe ta da kyau."

"Wa ya ce maka hannuna yana motsi?"

"Ba wanda ya ce, Malam. Bayanin kaya nake yi maka."

Saminu ya juya ƙaramar. Launin azurfa ce, ba ta fi kwalin sabulu ba. Irinta ya sha gani a hannun alhazai da suka dawo daga Makka, suna ɗaukar 'ya'yansu a ƙofar gida. Ya hango kansa ya shiga taron suna da ita, mutane suna kallonsa suna cewa to mene ne bambancinta da wayar da ke aljihunmu. Ya gwada ɗaukar ƙofar shagon da ita. Hoton ya fito tas, har rubutun da ke bayan wata mota a tasha ana karantawa. Ya daɗe yana kallonsa. A ransa ya san wacce ya kamata ya ɗauka.

"Wannan ta yara ce," ya ce. "Ɗaure min babbar."

"Malam Saminu, tsakani da Allah, da ni ne kai..."

"Ba ni ne kai ba. Shekara talatin da huɗu ina wannan aikin."

 Chibuzor ya sa babbar a kwali, ya haɗa masa da jaka kyauta.

A shago abin ya tafi daidai. Yana da tsohon ƙarfensa mai ƙafa uku, ya ɗaura kyamarar a kai, hotunan fasfo suna fita da kyau. Sai dai masu zuwa ba sa wuce biyu ko uku a yini. Haka aka yi wata guda, har damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai.

Wata safiya Malam Nu'uman ya tsayar da babur a ƙofar shagon. Malamin firamare ne a Dutsi, kuma Saminu ne ya ɗauki hoton aurensa shekara ashirin da biyar da suka wuce. Bayan gaisuwa ya faɗi abin da ya kawo shi. Mahaifiyarsa, Inna Ikilima, ta haura shekara casa'in, kuma tunda take ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ko na katin zaɓe ta ƙi. Yanzu ƙarfinta ya ragu, 'ya'ya da jikoki za su taru ranar Asabar daga Kano da Zariya da Damagaram. An lallashe ta ta yarda, amma da sharaɗi.

"Ta ce ba ta son yara su yi ta nuna mata waya kamar akuyar sayarwa. Mai hoto na gaske, sau ɗaya, a gama. Shi ne na ce ai ba wani sai kai."

Saminu ya ji daɗin maganar ƙwarai. Ya ce zai zo.

Ran Asabar ɗin ya sa farar shaddarsa, ya rataya kyamara a wuya. Hadijatu ta bi shi har zaure.

"Malam, ba za ka tafi da mai ƙafa ukun ba?"

"A mota biyu da acaɓa zan yi ta jan ƙarfe? Bar shi."

Ba nauyin ƙarfen ne ya hana shi ba. Bai taɓa zuwa taro da shi ba, kuma ba ya son ranar ta zama ta farko.

Ya isa Dutsi bayan azahar, hadari ya haɗu baƙi ƙirin daga gabas. An shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, amma kafin a fito da tsohuwar ruwa ya tsinke. Kowa ya ruga. Aka ce to a yi a ɗakinta. Ɗakin ƙasa ne mai taga ɗaya, kuma babu wuta. Aka jingina ta da matasai a bakin gado, 'yar ƙaramar mace mai tsagen gado a kumatu, an ɗaura mata sabon kallabi mai ruwan ganye. 'Ya'ya suka zauna gefenta, jikoki suka cika ƙasa har bakin ƙofa. Wani saurayi ya zaro waya, Malam Nu'uman ya daka masa tsawa.

"Kowa ya mai da wayarsa aljihu! Alkawari muka yi wa Inna. Ga mai hoto nan."

Saminu ya san abin da duhu ke nufi. Kyamara za ta daɗe ido a buɗe, kuma duk motsin hannu sai ya shiga hoton. A tsohuwarsa ya san inda zai murɗa ko idonsa a rufe. Wannan kuwa komai yana ɓoye cikin ƙananan rubutun Turanci, ya danna nan ya danna can, yatsansa yana zamewa daga maɓalli. Mutum arba'in suna kallonsa.  Da ya ce a jira ruwa ya tsaya, ko a kawo turmi ya ɗora gwiwar hannu, ko ya miƙa wa saurayin nan ya ce riƙe min, da an yi. Duk ya yi tunaninsu. Sai tsohuwar ta yi magana, muryarta siririya.

"Ɗan nan, ka yi ka gama, bayana ya gaji."

Ya ɗaga kyamarar, ya matse gwiwoyin hannunsa a haƙarƙari, ya riƙe numfashi, ya danna. Ya sake, ya sake, har sau goma sha biyu. Ya leƙa ɗan gilashin bayanta. A ƙanƙance hotunan ba su yi muni ba, ko kuma haka ya so ya gani.

"Sun yi?" in ji Malam Nu'uman.

"Sun yi," in ji Saminu.

Inna Ikilima ta ce a kwantar da ita. Ta sa masa albarka, ta sa aka ƙulla masa gyaɗa a leda.

Ranar Litinin ya kai katin kyamarar wurin masu wanke manyan hotuna a Daura. Da mai injin ya buɗe su a babban allo, Saminu ya nemi wuri ya zauna. Babu fuska ɗaya da ta tsaya. Kowa ya zama biyu ko uku, kamar an shafa hannu a kan zanen da bai bushe ba. Tsohuwar kuwa kallabin kawai ake ganewa, wani koren tabo a tsakiya, a ƙarƙashinsa inuwa.

"Baba, ba a iya gyara wannan," in ji mai injin. "In wanke duk da haka?"

Saminu ya ce a wanke. Ya sa su a ambulan ya koma gida. Kullum yana cewa gobe zai je Dutsi ya faɗi gaskiya, ya tafi da mai ƙafa ukun, ya roƙi tsohuwar ta sake zama. Kullum in ya tashi sai ya tuna mutum arba'in ɗin nan da suka koma garuruwansu, sai ya koma ya zauna. Malam Nu'uman ya kira sau biyu, Saminu ya ce masa injin wanki ne ya lalace.

Kwana goma sha ɗaya bayan hoton, Inna Ikilima ta rasu.

Saminu bai je ta'aziyya ba. Bayan addu'ar bakwai Malam Nu'uman ya zo da kansa, ya rame, ya ce 'yan'uwa suna ta tambaya, kowa yana son nasa. Saminu ya ɗauko ambulan ɗin ya miƙa masa. Takardar tana ta kaɗawa a tsakaninsu kafin ya karɓa.

Malam Nu'uman ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya sake komawa farko. Ya kai ɗaya bakin ƙofa inda haske yake, ya matso da shi kusa da ido, ya nisanta shi.

"Duk haka suke?"

"Duk."

"Yaushe ka sani?"

"Tun ranar Litinin ɗin."

"Tana da rai a lokacin, Malam Saminu."

"Na sani."

Da ya zage shi, da ya fi wa Saminu sauƙi. Malam Nu'uman ya tsaya yana kallon hannun nan da ke rawa a gefen riga, ya daɗe, sannan ya zaɓi hoto ɗaya ya sa a aljihun gaba, ya ajiye sauran a kan kujerar ƙarfe.

"Allah ya ba ka lafiya," ya ce, ya hau babur ɗinsa.

Washegari Saminu ya faɗa wa Hadijatu komai, ta raka shi asibiti a Daura. Likita ya sa shi ya miƙa hannu, ya taɓa hanci, ya zana da'ira a takarda. Ya ce akwai ƙwayar da ke rage rawar, amma ba ta warkar da ita, kuma a hankali na hagun ma zai iya kamawa. Da suka fito suka bi ta gaban shagon Chibuzor. Ya hango su ya ɗaga hannu, Saminu ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri.

Bai sake buɗe shago ba. Kyamarar tana cikin kwalinta a saman kwaba. Khairunnisa ta ce za ta zo hutu ta kai shi babban asibiti a Katsina, ya ce to, ba don yana sa rai ba.

Ran Juma'a ya sa riga zai tafi masallaci, ya tsaya yana fama da maɓallin wuya. Ya kama, ya kuɓuce, ya kama, ya kuɓuce. Hadijatu ta ajiye tsintsiya ta zo ta ɓalla masa, ta gyara masa hula. Bai dube ta ba. Ya sa takalmi ya fita, ya bi ta lungun bayan gari inda ba zai haɗu da mutane da yawa ba.