Taurarin Sarkin Lungu

A tsohuwar tasha Sarkin Lungu ake ce masa, domin babu kwanar da bai sani ba a garin, har wadda akuya ke shakkar shiga. Sai tashar ta mutu a tsaye. Fasinjoji suka koma kiran mota ta waya, direbobi suka watse, shi kuwa ya ce furfura ba za ta zaunar da shi ƙofar gida yana korar ƙuda ba. Surukinsa ya ba shi aron mota. Auta, 'yarsa, ta sa masa manhajar a waya, ta nuna masa inda fasinja ke ba direba taurari bayan an sauke shi.

"Idan suka yi ƙasa kamfani zai rufe ka, Baba. Ka kuma san maigidana, ranar zai karɓe motarsa."

"Ni da nake tuƙi tun ba ki san hannun damanki ba, taurari ne za su gagare ni?"

Suka gagare shi kuwa. Shi mutum ne da ke son fasinja kamar baƙon da ya sauka gidansa. Zai tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya ba da maganin tari. Idan muryar matar da ke cikin wayar ta ce a bi dama, sai ya yi tsaki ya karya hagu, ya ratsa bayan kasuwa ya ɓullo gaban kowa yana murmushi, yana jiran a yaba.

Auta ta zo gida ta karanto masa abin da ake rubutawa a kansa. "Surutu kamar rediyo. Wata ta ce da ka shiga lungu da ita ta ɗauka sace ta za ka yi."

"Ni? Jikata fa ta kusa kai ta!"

"Ba hira suka saya ba, Baba. Ka kama bakinka. Duk abin da matar cikin wayar nan ta ce, shi za ka yi."

"Uwar ɗakin tawa? Wadda ba ta taɓa riƙe sitiyari ba?"

"Ita fa."

Ya koya, kamar mai koyon rubutu da hagu. Gaisuwa ta taso masa ya danne ta da tari. Ya wuce lungunansa yana kallonsu ta gefen ido, kamar wanda ya ga tsohuwar budurwarsa a hanya ya ɗauke kai. Taurari suka fara hawa. Auta ta ce, "Ka gani ko? Ka zama ɗan zamani." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Wata safiya ana tsuga ruwa ya ɗauki wani mai kwat da akwati, za shi filin jirgi. Muryar ta ce a bi ƙarƙashin gada. Shi kuwa ya san idan ruwa ya kai haka wurin tafki yake zama. Ya dubi madubi. Mutumin ya toshe kunnuwansa, idonsa a waya. Maganar ta zo har bakin haƙori, ya haɗiye ta, ya sa sigina ya bi inda aka ce.

Gaba ruwa, baya motoci, babu wurin juyawa. Mai kwat ya fizge abin kunnensa yana duba agogo, yana dukan kujera. Tausayi ya kama tsohon, ya so ya sanyaya masa rai.

"Yi haƙuri, ɗana. Dama nan haka yake, duk ruwan da ya kai wannan sai ya cika."

Mutumin ya daina dukan kujera. "Ka sani?"

"Ai kowa ya..."

"Ka sani ka kawo ni? Tsohon banza, kurma ne kai ko mugu?" Ya ɗaga waya yana ɗaukarsa bidiyo. "Maimaita, duniya ta ji. Ce ka sani!"

Kafin ruwan ya janye jirgi ya tashi. Kafin tsohon ya isa gida kamfani ya rufe shi.

Surukinsa bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya zo da yamma da sabon direba, ya durƙusa ya gaishe shi da ladabi, ya ce ai lokacin hutu ya yi, Baba ya sha wahala. Auta na tsaye bakin ƙofa tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

Tsohon ya miƙa makulli. Sabon direban ya shiga, ya zaro ɗan matashin da tsohon ke tokare bayansa da shi, ya miƙo ta taga.

"Baba, ga kayanka."

Ya tura kujerar baya, ya gyara madubi daidai idonsa, ya ja motar.