Abin da Likita Ya Ce

Shekara ashirin da biyu Malam Sa'idu ya yi yana koyar da Turanci a wata sakandare a Makarfi, kuma duk wanda ya bi ta ajinsa ya san abin da ya fi tsana: a ɗauko maganar Bature a fassara ta kalma bayan kalma. Yakan rubuta "a piece of cake" a allo, ya jira wani ya ce yankan kek, sannan ya girgiza kai ya ce abu mai sauƙi ake nufi. Haka "under the weather", rashin lafiya ne, babu ruwansa da hadari.

Cikin duk waɗanda ya koyar babu kamar Mukarrama, 'yar yayansa Ɗan'azumi, wanda ke noma a Likoro. A gidan Malam ta zauna har ta gama makaranta. Ko a rediyo ta tsinci wata sabuwar magana, ba ta barinsa ya ci tuwo sai ya warware mata ita.

A kakar bara ciwon ƙoda ya kwantar da ita, tana da shekara goma sha tara. Aka yi na gida, aka yi na kemis, daga ƙarshe aka kai ta wani asibiti a Zariya. Mahaifiyarta Talatu ce ke jinya. Likitan ɗan Kudu ne, ba ya jin Hausa, saboda haka duk bayani ta bakin Malam yake bi.

Ranar da suka cika kwana tara, likitan ya ja Malam da Ɗan'azumi bakin ƙofar ɗaki. Ya daɗe yana juya takardun hannunsa kafin ya ce a hankali, "It's only a matter of time." Ya ƙara da cewa a ba ta duk abin da ranta ke so.

 Malam ya san abin da ake nufi: an gama abin da za a iya, ajali ake jira.

"Me ya ce, Sa'idu?" in ji Ɗan'azumi.

Malam ya dubi yayansa, mutumin da ya kwana tara a kan tabarma a barandar asibiti, idanunsa duk sun faɗa. Ya kasa gaya masa gaskiya.

"Ya ce magana ce ta lokaci kawai, Yaya."

Ɗan'azumi ya yi hamdala. Ya ce dama ciwo ba ya tafiya rana ɗaya. Tunda haka ne, bari ya leƙa gida kwana biyu, masara ta bushe a gona har ta fara zuba. Malam ya raka shi har tasha, yana ta cewa a ransa yanzu zai faɗa, har mota ta tashi.

Washegari da hantsi, Talatu ta fita ɗebo ruwa, Mukarrama ta yafito Malam da hannu. Muryarta ta yi ƙasa sosai, sai da ya sunkuya.

"Baffa, na ji likita jiya. Ban yi barci ba." Ta ɗan huta. "Kada ka gaya wa Inna tukuna. Ka kira mini Baba."

Ya fita da waya a hannu. Wayar Ɗan'azumi ba ta shiga in yana gona. Ya kira har sau bakwai, sannan ya samu maƙwabcinsu Yahya, wanda ya hau babur ya bi shi. Kafin a same shi, ya sami mota, azahar ta wuce.

Mukarrama ta cika bayan la'asar, kanta a cinyar mahaifiyarta. Ɗan'azumi ya iso rana ta yi ja, da ƙaiƙayin masara a rigarsa, da sandunan rake biyu da ya saya mata a hanya.

A zaman makoki a Likoro, duk wanda ya zo gaisuwa Ɗan'azumi yakan gaya masa cewa har likita ya sa rai za ta tashi, amma Allah Ya yi ikonSa. Malam yana gefe yana ji. A rana ta uku, da mutane suka ragu, ya matsa kusa ya gaya masa gaskiya, bai rage komai ba.

Ɗan'azumi bai ɗago ba. Ya daɗe yana murza bakin tabarma da yatsa.

"Ta neme ni?"

"Ta neme ka, Yaya."

Ya gyaɗa kai. Ya jawo buta ya zaga bayan rumbu, ko da yake lokacin salla bai yi ba. Malam ya zauna yana jiransa, har aka kawo abinci ya huce a gabansa.