Bidiyon Matar Yaya

Dokar ta samo asali ne daga wata sabuwar malama da ta ɗauki hoton yaro yana kuka a aji, ta ɗora a shafinta har da alamar dariya. Uban yaron ya zo ya ɗaga mana makaranta. To, laifin wani ai kan shafi wani. Hedimasta ya tara mu a ofis ya ce duk malamin da ke da hoto ko bidiyo mai fuskar ɗalibi, a shafi ne ko a waya, ya goge a gabansa, in ba haka ba ya ajiye alli ya kama gabansa.

Na juya na kalli Yayana. Tare muke koyarwa a makarantar, haka ma matarsa kafin ta rasu bara. A shafinsa akwai bidiyonta guda ɗaya tak: tana gaban allo, hannunta duk alli, tana koya wa 'yan aji ɗaya waƙar ƙirge, yara sun yanyame ta. Duniya kaf a nan kaɗai muryarta ta rage. 'Yarsu, wadda muke kira Aku saboda surutu, ba ta yarda a sa mata takalmi da safe sai an kunna mata shi.

Aka bi layi, kowa na miƙa waya. Da aka zo kan Yaya na kasa haƙuri.

"Ranka ya daɗe, wannan fa marigayiya ce," na ce. "A cire shi daga shafin, a bar masa a waya."

"Malama, fuskokin yara nawa kika gani a ciki? In na ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, gobe kowa da marigayinsa zai zo."

Wallahi sai da na ji kamar in kifa masa teburin. Wai kowa da marigayinsa! Matar da ta yi masa aiki har ranar da aka kwantar da ita asibiti.

"Yaya, tashi mu tafi, aikin banza," na ce.

Bai motsa ba. Na san abin da yake tunani: Aku kyauta take karatu a nan saboda aikinsa. Ya kunna bidiyon, muryarta ta cika ofis, malamai duk suka sunkuyar da kai. Bai bari ya kai ƙarshe ba, ya danna ya goge shi da kansa, ya nuna wa Hedimasta wayar.

Washegari na biya gidansa don mu tafi tare. Na tarar da Aku zaune bakin gado, takalmi a hannu.

"Baba, kunna min Mama."

Yaya ya daɗe yana shafa wayar.

"Yau babu sabis, uwata."

Ta kalle ni. "Gwaggo, ke wayarki akwai?"

Na girgiza kai.

"To shi ke nan," ta ce, ta miƙa masa ƙafa. "Gobe sai a kunna min sau biyu."